Ɗan Kallo Na Bakwai

Ana kiran sallar azahar wutar lantarki ta dawo. Muntari ya kunna kwamfutarsa, filin ƙwallon garin ya bayyana a kan gilashi, kore shar. A zahiri rabon filin nan da ciyawa tun kafin damina ta yi gardama bara, yanzu rairayi ne zalla da kashin awaki. Amma ciyawar kwamfuta ba ta shan ruwa, shi ya sa ya shimfiɗa ta ba tsimi.

Wata uku ke nan yana wannan gini. Alhaji Yusufu, wani Bakano mai sayar da fayafayan wasa a kasuwar Dole, shi ya kawo masa aikin. Samarin Damagaram sun gaji da buga ƙwallo a filayen Turawa a gidajen wasa, in ji Alhaji, suna son su ga nasu filin a cikin telebijin. Sharaɗi ɗaya ne: na'urorin gidajen wasan tsofaffi ne, ba sa ɗaukar nauyi. A wannan sana'a kuwa kowane abu da ƙananan alwatika ake haɗa shi, bango ne ko benci ko mutum, kuma Alhaji ya ce kada su wuce dubu goma. Don haka Muntari ya koyi rowa. Abin da idon mai wasa ba zai kai gare shi ba, ba ya gina shi. Bayan matattakalar zama babu komai, ƙarƙashinta babu komai. Su kansu 'yan kallo fale-fale suke kamar an yanko su daga kwali, alwatika biyu kowane mutum, an liƙa hoto a kai, daga ƙugu zuwa sama. Mutum goma sha biyu ya yanka, ya yi ta maimaita su har suka cika fili.

Jiya Alhaji ya zo ya gani, ya yaba, sannan ya karkata hula.

“Gini ya yi kyau, Malam Muntari. Amma waɗannan 'yan kallon naka, ƙwallo suka zo gani ko zaman makoki?”

Muntari ya yi dariya ya kawar da zancen. Bai gaya masa inda ya samo su ba. A bana babu mai zuwa kallon ƙwallo. Rana ɗaya tak ya ga matattakalar nan ta cika, ranar da wata ƙungiya ta raba hatsi ga mutanen ƙauyuka da fari ya koro birni. An zaunar da su layi-layi suna jiran a kira su, shi kuwa ya tsaya a tsakiyar fili da kyamarar aro, ya ɗauka daga nesa. Mako uku ke nan da yin haka.

Yau da aikin ya kammala, sai ya ji yana son wani ya ce masa sannu. Ya leƙa tsakar gida ya kira matarsa.

Ramlatu ta shigo a hankali tana dafa bango. Kwananta tara da haihuwa, haihuwar fari, kuma sai da likita ya yi mata aiki. Bisa al'ada da a gidan iyayenta can ƙasar Zermu za ta yi jego, amma bana babu wanda ya ko ɗaga zancen. Ta zauna a bakin gado, ya juyo mata da gilashin, ya zagaya da ita cikin filin yana nuna mata ragar gola da allon rubuta ci. Tana murmushi irin na mai lallashin yaro. Da ya matso kusa da 'yan kallo, sai murmushin ya ɗauke.

“Tsaya. Koma baya kaɗan.”

Ya koma.

“Wannan. Mai rawani baƙi.”

“Na bakwai ke nan,” in ji Muntari. “Ya fi kowa ba ni wahala wajen yanka, saboda jelar rawaninsa.”

“Baba ne.”

Ya dube ta, ya dubi gilashi. Fuskar ba fuska ba ce sosai, 'yan murabba'ai ne masu duhu da haske, domin ya matse hoton har ya koma kamar farcen yatsa.

“Haba Ramlatu. Baba ai yana Kano.”

“Dubi yadda ya karkatar da kai. Kunnensa na dama ba ya ji, kullum hagu yake juyowa. Dubi hannunsa a kan gemu. Ni za a gaya wa Baba?” Ta ɗaga ido sama da layin, sai ta gan shi kuma. Ta duba gefe, ga shi nan. Ko'ina ta kai ido a cikin filin, tsohon yana zaune ya karkata kai yana jira, sau ɗari uku da wani abu. Ta rufe fuska da mayafi. “Wayyo Allah. Kashe abin nan.”

Malam Sallau, mahaifinta, manomi ne da ake jin sunansa a ƙauyensu. Da gonaki suka ƙone bara, Muntari ya aika masa rabin buhun gero a motar kasuwa. Bayan kwana huɗu buhun ya dawo ko ɗinkinsa ba a farke ba, tare da gaisuwa mai yawa da saƙon cewa rumbu bai ga ƙasa ba tukuna. Wata biyu da suka wuce sai Inno, mahaifiyar Ramlatu, ta aiko cewa Malam ya tafi Kano cin rani. Tun daga ranar su Ramlatu ba su ji ɗuriyarsa ba, kowa yana cewa ai Kano da faɗi.

Ashe yana nan cikin Zinder. Daga filin ƙwallo zuwa ƙofar gidan 'yarsa, ko tsohuwa mai sanda ba za ta yi rabin sa'a ba. Dukansu biyu sun san abin da ya hana shi zuwa. Mutum irin Malam Sallau ba ya cin abinci a gidan surukinsa, ko da biki ake yi, balle ya zo da yunwa a fuskarsa.

“Buɗe babban hoton in gani,” in ji Ramlatu. “Na ainihi.”

Muntari ba shi da na ainihin. Kyamarar ya mayar wa mai ita, an goge. Nasa kwafin kuma ya share shi da hannunsa don kwamfutar ta cika.

“Ka yi sa'a guda kana zagaya fuskarsa da wannan abin naka,” ta ce, “ba ka gane shi ba?”

Gaskiyar ta fi tambayar muni. Shekara biyu da auren, da shekara ɗaya ta nema kafin nan, bai taɓa kallon fuskar Malam Sallau ba. Yaro mai tarbiyya ba ya haɗa ido da surukinsa. Yakan cire takalmi tun daga nesa, ya durƙusa, ya kafa ido a ƙasa har a sallame shi. Mutanen ƙauyen har yabonsa suke yi a kan haka. Abin da ya sani na Malam Sallau ƙafafunsa ne: faso mai zurfi a dugadugai, takalmin taya, da ƙafar hagu mai yatsu huɗu, wadda gatari ya ɗauke wa ƙaramin tun yana saurayi. Da ƙafafun suna cikin hoton da ya gane su ko cikin mutum dubu. Shi kuwa ƙafafun ne abin da ya fara yankewa, don benci zai rufe su.

Tsoro ya kama shi. Mako uku. Tsohon da ya kai ga zama a layin sadaka, me ya rage masa mako uku da suka wuce, balle yau?

Ramlatu ta yunƙura za ta ɗauki mayafin fita, ciwon ɗinkin ya mayar da ita zaune. Sai ta nuna kwanon kunun kanwa da aka dama mata na jego.

“Juye shi a kula, ka ɗauki ludayi. Don Allah kada ka dawo mini da shi.”

Ya dawo da shi a ranar, ya huce. Ya dawo da shi washegari ma.

Ya buga hoton a takarda ya zaga da shi. A tasha, a bakin kasuwar Dole, a gindin duwatsun Birni inda baƙin yunwa suka kafa 'yan bukkokin tsumma, ya yi ta miƙa wa mutane. Su karɓa, su juya shi sama da ƙasa, su mayar masa.

“Malam, wannan foto ai kowa ne,” in ji wani mai garuwa. “Ko ni ne ma.”

Sai ya ajiye takardar ya koma ga abin da ya sani. Ya riƙa bin layin masallatai yana duban ƙafafun masu alwala. Ya bi inuwar shaguna inda tsofaffi ke kwance, kansa a sunkuye kamar wanda ya yar da allura. Wasu suka ɗauka ɓarawon takalma ne, wata mai ƙosai ta ce a kama shi a kai shi gidan mahaukata. Ƙafafu dai ya gani har suka fara zuwa masa a ido ko ya rufe: masu kumburi, masu gyambo, na yara sirara. Duk masu yatsu biyar.

A rana ta biyu da la'asar ya je maƙabarta. Bai gaya wa Ramlatu zai je ba. Mai gadin wurin, wani dattijo mai goro a baki, ya ce a makon nan an kawo baƙi uku da ba a san danginsu ba, biyu tsofaffi.

“Ƙafafunsu fa? Akwai mai yatsu huɗu a hagu?”

Dattijon ya daina tauna.

“Ɗana, a cikin likkafani suke zuwa mana. Wa zai tsaya ƙirga yatsu?”

Muntari ya tsaya yana duban sababbin kaburbura uku a jere, ƙasarsu ba ta gama bushewa ba. Ya dafa katanga. Ya ji tsoron komawa gida fiye da tsoron wurin. Da ya shiga, Ramlatu ba ta tambaye shi komai ba. Ta dubi kular, ta ɗauke ta, ta ji nauyinta, ta ajiye. Jaririn yana kuka, ita ma tana yi, ba sauti.

Da safiyar rana ta uku ya kunna kwamfutar, ba don aiki ba, don ya sake kallon tsohon ko zai ga wata alama. Ya ja abin juya kallo fiye da kima, sai idon na'urar ya zarce ta cikin 'yan kallo ya faɗa bayan matattakala. Nan babu komai. Ba bango, ba ƙasa, sai shuɗin fanko, su kuma mutanen ɗari-ɗari sun ɓace ɗungum, domin kwali ba shi da baya.

Ya zauna yana kallon fankon. A ranar da ya je awo da igiya, ya zagaya bayan matattakalar gabas. Akwai wani lungu a ƙarƙashinta, dogo mai duhu, inda ake ajiye tsofaffin raga da farar ƙasar shata fili. Ya leƙa, ya ce a ransa wannan ba mai ganinsa, bai ko rubuta awonsa ba. Kwana biyun nan ya je filin sau biyu, kuma duk biyun ta ƙofar gaba ya shiga, ya dubi matattakala wayam, ya fita. Filin da ke kansa ya bi, wanda ya gina.

Ya ɗauki kula ya tare mai babur ɗin kabu-kabu.

“Istad, filin ƙwallo. Ta baya, wajen gabas. Yi sauri don Allah.”

Rana ta riga ta yi zafi sa'ad da ya sauka. Bayan filin shiru, sai ledoji da iska ta tara a jikin waya. Ya nufi lungun kansa a ƙasa, yadda ya saba, kuma a nan cikin rairayi mai laushi ya ga sawun. Ƙafa ce ba takalmi. Dama, yatsu biyar. Hagu, huɗu. Taku gajeru ne, a wani wurin ma jan ƙafa ne ba taku ba. Sawun ya shiga lungun. Ya duba da kyau, bai ga wanda ya fito ba.

Ya tsaya a bakin wurin. Ya yi sallama. Ba amsa. Ya sake yi, muryarsa ta fita siririya kamar ba tasa ba.

Can ciki wani abu ya motsa.

“Wa alaikumus salam.”

Ya cire takalmi, ya sunkuya ya shiga. Warin fitsari da tsohuwar ƙasa ya tare shi. Da idonsa ya saba da duhun, ya hango mutum jingine da buhun farar ƙasa, ƙafafu a miƙe. Sun kumbura har fason ya buɗe. Yana kallo tsohon ya yi ƙoƙarin janye su ƙarƙashin riga, ƙafafun suka ƙi.

Muntari ya durƙusa.

“Baba, ina kwana.”

“Lafiya lau.” Numfashi. “Na san tsakar kan nan. Shekaranjiya ma na gan ta a bakin masallacin tasha, tana ta sunkuye-sunkuye.”

“Kun gan ni, Baba?”

“Na naɗe ƙafa.” Ya yi wani sauti da ya so ya zama dariya. “Ya mutanen gidan?”

Ba zai ambaci sunan Ramlatu ba, 'yar fari ce.

“Lafiya lau. An sauka, Baba. Namiji. Yau kwana goma sha ɗaya.”



“Na ji,” in ji tsohon. “Ranar suna na zo har bakin lungunku. Na ji ana raɗa masa suna.” Ya haɗiyi yawu da ƙyar. “Nawa aka sa.”

“Naku aka sa.”

“Hatsin da aka ba ni a nan na aika wa tsohuwa gida. Na ce daga Kano.” Ya numfasa. “Kada ka ɓata mini wannan.”

“Ba zan ɓata ba.”

Muntari ya buɗe kular. Ƙamshin kunun ya cika lungun, ya ji numfashin tsohon ya canza. Ya tura ta gabansa da hannu biyu, ya ɗora ludayi.

“Daga gidan wa?”

Ga tambayar da yake tsoro tun kan kabu-kabu. In ya ce daga gidansa, kular za ta koma yadda buhun gero ya koma. In ya ce saya ya yi, sadaka ce daga suruki, duk ɗaya. Ya dubi ƙafafun nan, ya san ba za su kai jibi ba.

“Ba kyauta ba ce, Baba. Hakkinku ne. Kun yi mini aiki ba ku sani ba.”

“Wane aiki?”

Ya yi masa bayani iya yadda zai iya: filin da ke cikin na'ura, da hoton, da yadda ya zaunar da shi a wuri ɗari uku da wani abu ba tare da izininsa ba. Ya ce ba don shi ba da matattakalar gabas ta zama kango. Ya ce cin hakkin ma'aikaci haramun ne, kuma shi ba zai iya ɗaukar wannan zunubi ba.

“To mene ne aikin nawa a ciki?”

“Zama, Baba.”

“Zama.” Tsohon ya juya kalmar a baki. “Ban taɓa jin an biya mutum ladan zama ba.”

“A Kano ana yi. Mai aikin ma Bakano ne.”

Wannan karon dariyar ta fito, ta koma tari, tarin ya daɗe har Muntari ya firgita. Da ya lafa, sai tsohon ya ce a hankali:

“To. Ashe dai na yi aikin Kano.” Ya ja numfashi. “Juya bayanka.”

Muntari ya juya, ya fuskanci bakin lungun inda rana ke dukan rairayi. Ya kasa kunne da dukan jikinsa. Ya ji ludayi ya taɓa bakin kula. Ya ji kurɓa ɗaya, da haɗiya mai wuya. Ya ji ludayin ya sake shiga. Sannan wani ɗan ƙara, kamar abu ya faɗi a ƙasa mai laushi.

Sai shiru.

Ya jira. Ya ƙirga numfashinsa har goma, yana neman na tsohon a bayansa bai ji ba. Wata leda ta wuce bakin lungun tana birgima. Gumi ya gangaro masa ta tsakiyar baya, sanyi ƙalau.

“Baba?”

Ba amsa.

An ce ya juya baya, kuma tun da aka haife shi bai taɓa saɓa irin wannan umarni ba. Ya ƙara kira sau ɗaya. Daga nan ya juyo gaba ɗaya, ya ɗaga kai.

Fuskar doguwa ce, ƙasusuwan kunci a waje, da tsagar gado guda uku a kowane gefe da suka nutse cikin tamoji. Goshin na Ramlatu ne sak. Idanun a buɗe suke, suna kallonsa. Ludayin yana ƙasa, kunu ya zube a kan riga, hannun tsohon yana kwance a cinyarsa yana karkarwa, ya kasa tashi.

Suka dubi juna, karo na farko.

Muntari ya ɗauki ludayin, ya goge shi da bakin rigarsa, ya ɗebo kunu. Ya matso a kan gwiwoyinsa har ya ji hucin numfashin surukinsa, ya ɗaga hannu ya tsaya, bai san ko za a karɓa ba.

Malam Sallau ya daɗe yana kallon ludayin. Sannan ya rufe idanunsa, ya buɗe baki.